Garkuwa da Asiri: Labarin Amana Tsakanin Amurka da Rasha

Tun da aka fara yaƙi a duniya, duk makamin da ɗan Adam ya ƙera sai wani ya nemo makarinsa. An ƙera mashi, aka yi garkuwa. An yi kibiya mai dafi, aka yi sulke da lifidi. Mahaya suka dami ƙauyuka da hari, aka kewaye birane da ganuwa. Ba a taɓa zargin mai garkuwa da neman fitina ba, domin kowa ya san kansa yake karewa. Amma a tsakiyar ƙarni na 20 aka ƙago wani makami wanda ya birkita wannan tsohuwar magana, har manyan ƙasashen duniya biyu, Amurka da Rasha, suka zauna suka rubuta alkawari cewa kowacce za ta ajiye garkuwarta, ta bar ƙirjinta a buɗe. Rasha a wancan zamani ita ce uwa a cikin Tarayyar Sobiyet, wadda ta rushe a 1991. Yadda aka yi suka ƙulla wannan alkawari, da yadda ɓoye-ɓoye ya yi ta ɓata tsakaninsu, shi ne abin da za a ba da labarinsa a nan.

Mafarin zargi

Makamin da ake magana a kansa shi ne makami mai linzami, watau wani dogon ƙarfe mai kama da katafariyar kibiya, wanda wuta ke tunkuɗa shi can sama, ya faɗo inda aka auna ba tare da matuƙi ba. Jamusawa suka fara jefa shi a birnin Landan a watan Satumba 1944. Ya fi sauti gudu, saboda haka ba a jin zuwansa sai bayan ya faɗi, ba kuwa bindigar da ke iya tare shi.

A watan Agusta 1945 Amurka ta jefa bom ɗin nukiliya a biranen Hiroshima da Nagasaki na ƙasar Japan. An yi aikin wannan bom a asirce, ba a gaya wa Rasha ba, alhali kuwa abokiyar yaƙi ce. Shugaban Rasha, Sitalin, ya riga ya san kome ta bakin 'yan leƙen asirinsa, amma ya yi gum da bakinsa. Da Rasha ta gwada nata bom a watan Agusta 1949, ita ma ba ta gaya wa kowa ba, jiragen Amurka ne suka tsinci ƙurarsa a cikin iska. Tun daga nan kowacce ta tabbata 'yar'uwarta tana ɓoye mata wani abu. A 1957 Rasha ta ƙera makami mai linzami mai iya ƙetare teku, ta kuma harba tauraron ɗan Adam na farko ran 4 ga Oktoba. Da aka gama bom da wannan makami, sai ya zamana cikin kamar rabin sa'a ana iya shafe birni daga wancan ƙetaren duniya.

Jirgin da aka kakkaɓo

Shugaban Amurka, Aizanhawa, tsohon janar ne, ya san babu abin da ke tayar wa soja hankali kamar rashin sanin abin da ke bayan tudu. A taron Janeba na watan Yuli 1955 ya kawo shawara cewa ƙasashen biyu su yi musayar taswirar sansanonin sojansu, kowacce kuma ta bar jiragen ɗayar su ratsa samaniyarta su ɗauki hotuna. Kurushef, wanda ke riƙe da ragamar Rasha, ya ƙi, ya ce wannan leƙen asiri ne aka yafa wa riga.

Abin da aka hana Amurka da rana, sai ta nema ta ɓarauniyar hanya. Daga watan Yuli 1956 ta dinga aika wani jirgi mai suna U-2, mai tashi kamar ƙafa 70,000, yana ɗaukar hotunan ƙasar Rasha. Rashawa suna hango shi da na'urorinsu, amma ba su da abin da zai kai gare shi. Ran 1 ga Mayu 1960 wani matuƙi, Gari Pawas, ya tashi daga Peshawa ta ƙasar Pakistan zai ratsa Rasha ya sauka a Norwe, aka kakkaɓo shi a tsakiyar ƙasar. Kurushef ya ba da labarin jirgin, bai ce kome game da matuƙin ba. Hukumar Amurka ta zaci ya mutu, sai ta ce ai jirgin auna yanayi ne ya ɓata hanya. Ran 7 ga wata Kurushef ya bayyana cewa matuƙin na nan da ransa, ga kuma hotunan da ya ɗauka. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Aizanhawa ya amsa cewa da saninsa ake yin tafiye-tafiyen, taron manya da aka shirya a Faris a wannan wata ya watse, aka kuma janye gayyatar da aka yi masa ta zuwa Rasha.

Ita ma Rasha ɓoye-ɓoyenta bai haifa mata ɗa mai ido ba. Kurushef ya yi ta cika baki cewa ma'aikatunsa suna ƙera makamai masu linzami ba iyaka, ya kuwa rufe ƙofa don kada a gane 'yan kaɗan ne gare shi. Amurkawa suka gaskata, tsoro ya kama su, har Kenedi ya yi yaƙin neman zaɓe a 1960 da cewa an bar ƙasarsu a baya. Kafin ƙarshen 1961 hotunan taurarin ɗan Adam suka nuna gaskiya, amma shirin ya riga ya yi nisa, bai tsaya ba sai da Amurka ta girke makamai 1,000 na samfuri guda a cikin rijiyoyin siminti. Ƙaryar da aka yi don a tsorata abokin gaba, ita ta ƙara masa ƙarfi.

Kwanakin Kuba

Da Kurushef ya ga asirinsa ya tonu, ga kuma makaman Amurka girke a Turkiyya, a bakin ƙofarsa, sai ya yi shawarar kai nasa tsibirin Kuba, wanda ke kamar mil 90 daga gaɓar Amurka. A 1962 aka yi ta jigilarsu cikin jiragen ruwa a ɓoye. Ran 14 ga Oktoba jirgin U-2 ya ɗauko hotunansu. Bayan kwana huɗu Ministan Harkokin Waje na Rasha, Goromiko, ya zauna gaban Kenedi ya ce masa taimakon da suke ba Kuba na kare kai ne kurum, alhali Kenedi ya riga ya ga hotunan. Ran 22 ga wata Kenedi ya gaya wa duniya, ya sa jiragen yaƙi suka tare hanyar tsibirin. Kwana da kwanaki mutane suka yi ba su san ko za su wayi gari ba. Abin da ya fi ɓata wa Amurkawa rai shi ne ƙaryar da aka yi musu ido da ido, domin ta sa duk wata takarda da ta fito daga Mosko sai an yi ta juya ta ana neman tarko.

Abin mamaki, asiri ne ya ƙulla rikicin, wani asiri kuma ya taimaka wajen kwance shi. A fili, Rasha ta yarda ran 28 ga Oktoba za ta kwashe makamanta, Amurka ta yi alkawarin ba za ta kai wa Kuba yaƙi ba. A ɓoye kuwa, ƙanen Kenedi, Robat, ya gaya wa jakadan Rasha cewa za a kwashe na Turkiyya, muddin ba a faɗa wa kowa ba. An kwashe su a watan Afrilu 1963, aka kuwa yi shekaru fiye da 20 kafin a tabbatar wa jama'a da wannan ciniki. A nan ya kamata mai karatu ya rarrabe asiri iri biyu. Akwai wanda ɗaya ke ɓoye wa ɗaya don ya mamaye shi, wannan shi ne mai kashe amana. Akwai kuma wanda su biyun suka sani, suka rufa don kada ɗayansu ya ji kunya gaban mutanensa, wannan sau da yawa shi ke ba sulhu wurin zama.

A lokacin rikicin saƙo yakan yi sa'o'i masu yawa kafin ya isa daga wannan shugaba zuwa wancan. Saboda haka a watan Yuni 1963 aka yarda a shimfiɗa wayar tangaraho ta musamman tsakanin Washinton da Mosko.

Yadda garkuwa ta zama abin tsoro

Ana cikin haka masana na kowane gefe suna neman makarin wannan makami. A watan Maris 1961 Rashawa suka yi nasarar kakkaɓo makami mai linzami da wani ɗan'uwansa a filin gwaji, daga baya suka fara kewaye Mosko da irin waɗannan makaman tarewa. Ba su faɗi yawansu ko ƙarfinsu ba. Su kuwa sojojin Amurka, da yake ba su sani ba, sai suka ɗauki mafi munin zato, suka yi dabarar ɗora bom da yawa a kan makami guda, don in an tare ɗaya sauran su wuce. Daga 1970 suka fara girke mai ɗauke da bom 3.

A watan Yuni 1967 Shugaba Jonson ya gana da Firayim Ministan Rasha, Kosigin, a wani ƙaramin gari wai shi Gilasboro. Sakataren Tsaron Amurka, Makanamara, ya yi ƙoƙarin fahimtar da baƙon cewa garkuwar nan ba za ta haifar da kome ba sai tsere. Ran Kosigin ya ɓaci, ya ce kare rayukan jama'a abu ne na kirki, kai hari shi ne mugun abu. Duk wanda ya ji amsar nan zai ce ya yi gaskiya, amma ga inda maganar Makanamara ta dosa.

A ɗauka ga mutum biyu tsaye suna duban juna, kowa da damin masu, ba mai garkuwa. Ba wanda zai fara jifa, domin ya san ko ya soki ɗan'uwansa, kafin ya faɗi sai ya rama. To, ran da ɗaya ya sami garkuwa, ɗayan zai ce a ransa, wannan so yake ya fara jifana ya karya yawancin masuna, sa'an nan ya tare 'yan kaɗan da suka rage. Sai ya ƙara yawan masu, ga shi kuwa mashi ya fi garkuwa araha. In kuma gardama ta tashi, zai yi gaggawar fara jifa don kada a riga shi. Idan ba ya ma ganin girman garkuwar, tsoronsa sai ya ninka. Ta haka abin da aka yi don kariya ya zama mai jawo yaƙi.

Sannu a hankali Rashawa suka ga hasken maganar, musamman da suka ga Amurka ta fara shirin tata garkuwa, wanda Majalisar Dattawa ta amince da shi da ƙyar a 1969. A watan Nuwamba na wannan shekara aka fara shawarwari a Helsinki. Ran 26 ga Mayu 1972 Shugaba Nikson da Bireznef suka sa hannu a Mosko. Aka yarda ba wadda za ta rufe ƙasarta duka da garkuwa, sai wurare 2 kaɗai, kowanne da makaman tarewa 100. A 1974 aka rage zuwa wuri guda. Rasha ta zaɓi Mosko. Amurka ta zaɓi wani sansanin makamai a jihar Dakota ta Arewa, ta buɗe shi a 1975, ta kuwa rufe shi bayan 'yan watanni, don ta ga amfaninsa bai kai tsadarsa ba.

Mafi daraja a cikin takardar shi ne sashe na 12. A cikinsa kowacce ta yarda ɗayar ta dube ta da taurarin ɗan Adam da sauran na'urorinta, ta yi alkawarin ba za ta taɓa su ba, ba kuma za ta lulluɓe kome da gangan don a kasa gani ba. Watau abin da Kurushef ya kira leƙen asiri a 1955, bayan shekara 17 ya zama ginshiƙin zaman lafiya. Aka kuma kafa kwamiti na wakilan ƙasashen biyu, mai zama a Janeba ba da 'yan jarida ba, inda duk wanda ya ga abin da bai gane ba zai tambaya a ba shi amsa.

Gini a dajin Saberiya

Yarjejeniyar ta ce manyan na'urorin hango makamai, waɗanda ake kira rada, sai a bakin iyaka za a gina su, suna duban waje, don kada a mai da su idon garkuwa. A 1983 taurarin Amurka suka hango wani makeken gini irin wannan a yankin Kirasnoyask, can cikin Saberiya, nesa da iyaka. Rasha ta ce na bin sawun taurari ne. Amurkawa ba su yarda ba, aka yi shekara da shekaru ana musu.

A wannan shekara, ran 23 ga Maris, Shugaba Regan ya riga ya ba da sanarwar wani babban shiri na neman garkuwar da za ta tare makamai tun daga sararin samaniya. Shi a ganinsa bai kamata zaman lafiya ya dogara ga barazanar hallaka juna ba. Rashawa kuwa suka ɗauka shirin fara jifa ne. Ga misalin irin haɗarin da ake ciki a lokacin: ran 26 ga Satumba 1983 na'urorin Rasha suka nuna wai Amurka ta harbo makamai 5. Hafsan da ke bakin aiki, Laftanar Kanar Fetirof, ya yi tunani cewa mai niyyar fara yaƙi ba zai harbo 5 kurum ba, ya ba da rahoton cewa kuskuren na'ura ne. Haka kuwa abin ya kasance.

A watan Oktoba 1986 Regan da sabon shugaban Rasha, Gobachof, suka gana a Rekabik ta ƙasar Aisilan. Saura kaɗan su yarda a kan kawar da makamai masu yawan gaske, sai maganar garkuwa ta tare hanya. Gobachof ya nemi a tsare binciken cikin ɗakin gwaje-gwaje, Regan ya ƙi, ya ce in aikin ya yiwu zai raba iliminsa da Rasha. Gobachof ya amsa cewa ƙasar da ta ƙi sayar musu ko da na'urorin sarrafa madara, yaya za ta ba su wannan babban asiri? Suka rabu ba su sa hannu a kome ba.

Duk da haka taron bai tafi a banza ba, domin kowa ya ji abin da ke zuciyar ɗan'uwansa. Ran 8 ga Disamba 1987 suka sa hannu a Washinton a kan kawar da dukan makamansu na tudu masu cin kilomita 500 zuwa 5,500. Regan yakan maimaita wani karin maganar Rashawa mai cewa ka amince, amma ka bincika, watau dai gani ya kori ji. Aka yarda masu bincike su shiga sansanonin juna su ƙirga da idonsu. Amurkawa suka tare a ƙofar ma'aikatar makamai ta Botkinsik, Rashawa kuma a ƙofar wata a jihar Yuta, har shekara 13. Kafin tsakiyar 1991 an lalata makamai 2,692. Ginin Saberiya kuwa, Gobachof ya bar wasu 'yan majalisar Amurka suka shiga suka duba shi a 1987, ya tsai da aikin. Ran 23 ga Oktoba 1989 Ministan Harkokin Waje, Shebadnaze, ya tashi gaban majalisar ƙasarsa ya amsa cewa ginin ya saɓa wa yarjejeniya, daga baya aka rushe shi. Wannan amsa laifi ya jawo wa Rasha yarda wadda shekarun musu ba su jawo mata ba. A 1992 ma aka sa hannu a kan shawarar nan ta Aizanhawa ta barin jirage su ratsa samaniyar juna, ta fara aiki a 2002.

Warwarewar alkawari

Ran 13 ga Disamba 2001, bayan harin da aka kai wa Amurka a watan Satumba, Shugaba Bush ya ba da sanarwar ficewa daga yarjejeniyar 1972, ficewar ta tabbata a watan Yuni 2002. Hujjarsa ita ce zamani ya sake, akwai ƙananan ƙasashe masu neman makamai masu linzami, ya wajaba a kare jama'a daga gare su. Ya bi ƙa'idar da takardar ta tanada, bai yi a ɓoye ba. Amurka ta buɗe sansanin makaman tarewa a Romaniya a 2016, wani kuma a Folan a 2024, ta ce saboda Iran ne. Rasha ta nemi a rubuta mata alkawari mai ƙarfin doka cewa ba da ita ake ba, ba a ba ta ba. Ran 1 ga Maris 2018 Shugaba Putin ya nuna wasu sababbin makamai, ya ce an ƙera su ne don su ratsa kowace garkuwa. Maganar Makanamara ta Gilasboro ta sake fitowa bayan shekara 50.

Daga nan alkawuran suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. Na 1987 ya mutu ran 2 ga Agusta 2019, bayan Amurka ta zargi Rasha da ƙera wani haramtaccen makami a ɓoye, Rasha ta musa, ta ce sansanonin Romaniya da Folan su ne suka saɓa alkawari. Amurka ta fita daga na ratsa samaniya a 2020, Rasha ta bi sawu a 2021. Akwai kuma yarjejeniyar 2010, wadda ta tsai da kowacce a kan manyan bama-bamai 1,550 a girke, ta kuma ba da damar ziyarar bincike 18 a shekara. An dakatar da ziyarar a 2020 saboda annobar korona, ba a kuwa koma ba har Rasha ta jingine yarjejeniyar a watan Fabrairu 2023.

Wanda ya bi wannan tarihi daga farko zai lura da cewa Amurka da Rasha ba su taɓa zama aminan juna ba, ko a 1972 ko a 1987. Abin da ya kwantar musu da hankali a waɗannan shekaru shi ne kowacce ta iya ƙirga kayan ɗayar, in ta yi shakka kuma tana da ɗakin da za ta je ta tambaya. Duk lokacin da aka rufe ƙofa, kamar a 1960 da 1962 da 1983, kowane gefe ya cika gurbin abin da bai gani ba da mummunan zato, ya kashe dukiyar talakawansa wajen shirin tarar abin da wataƙila babu shi. An yi shekara fiye da 40, tun daga 1945, kafin soja ya yarda abokin gabansa ya shigo sansaninsa ya ƙirga masa makamai. Rushe wannan al'ada kuwa bai ɗauki rabin haka ba, sake gina ta kuma aiki ne da ke jiran shugabannin ƙasashen biyu da na sauran ƙasashe masu irin waɗannan makamai.